Kunyar 'Yar Fari

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana nemana sai ta ce wa ƙanwarta, "Ina waccan?" Haka muka taso a Kalfu, ban taɓa jin zafin abin ba.

A shekarun da ake ta zaɓe da yajin aiki, ina ungozoma a wata matanite, wato asibitin haihuwa, a Tawa. Kullum bakina bai hutawa. Ina gaya wa mata su riƙa shafa nononsu in suna wanka. In kun ji ƙullutu mai tauri, ko da bai ciwo, ku zo. In kan nono ya shige ciki, ko yana fid da jini, ko fata ta koma kamar ɓawon lemu, ku zo. Har faɗa nake yi da masu jinkiri, don ni ba ni da haƙuri.

Ashe Inna na ɗauke da nata ƙullutun fiye da damina biyu. Ƙanwarta ta sani. Maƙwabta sun sani. Wanzamin garin ma ya sani, don ya yi mata ƙaho har sau uku. Ni kaɗai aka ɓoye wa, ni da nake zuwa duk ƙarshen wata da sabulu da sukari, in gaishe ta daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon bango.

Wari ne ya tona. Na shiga ɗakin ba sallama, na ce, "Inna, buɗe zanen."

"Ke, ba ki da kunya?"

"Ba ni da ita. Buɗe."

Na taɓa nonon. Ya riga ya fashe, ga kaluluwa cike da hammata. Na fito na rufe ƙanwarta da masifa. Ta ce, "To, ya za ta tuɓe gaban ɗiyar fari?" Wallahi har yau in na tuna maganar nan raina ɓaci yake.

Na kai ta Yamai. Likita ya ce ciwon daji ne. Da an zo yana ƙarami, da an yi aiki an cire, a bi da allurai, ana samun masu tashi. Yanzu ya kai huhu, gasa ciwon da hasken na'ura kuma sai ƙasar waje. Ya rubuta mana maganin rage zafi.

Na maido ta gidana a Tawa. Wata huɗu ina wanke ciwon safe da yamma, tana kau da kai, ni ma ina kau da nawa. Wata safiya ina naɗa bandeji ta riƙe mini wuyan hannu.

"Da na gwada miki tun farko, da kin iya?"

Na yi shekaru ina gaya wa mata gaskiya ko ba su so. Na ce, "A'a, Inna. Da ma ba a iya komi."

Ta saki hannuna, ta ce to alhamdu lillahi.