Dabinon da ya ƙi narkewa

Malam Sani, wani mafarki na yi a daren jiya, har yanzu bai sake ni ba. Ka dai san murar nan da ta kayar da ni. Hanci a toshe, da baki nake numfashi, leɓe duk ya tsage, dasashi ya kumbura, ga ƙuraje a gefen harshe. Ka kuma san tun rasuwar Baba ni nake tauna dabino in sa wa duk jaririn da aka haifa a gidanmu a baki, ga ƙanwata Bilkisu haihuwa yau ko gobe.

To, na gan ni a tsohon gidanmu na ƙauye, amma tsakar gidan ya koma busasshen rafi. Ƙishirwa ta dame ni. Na buɗe randa, ba ruwa, alewar tari ce cike har baki. Na ɗiba na yi ta tsotsa, haƙorana suka yi danƙo suka manne.

Sai kawai na gan ni a kan tabarma, mata sun kewaye ni, an miƙo mini dabino. Na tauna, na tauna, ba zaƙi, ba yawu, kamar ina tauna tsumma. Da na fito da shi, jini-jini ne. Aka ɗora mini jariri a cinya, ya buɗe baki yana jira.

Sai kawai ga Inna, Allah ya jiƙanta, tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya. Ta dube ni ta ce, "Audu, da wannan bakin?"

Na so in ce mata mura ce kawai, harshe ya ƙi ɗagawa. Na dai kai yatsa bakin yaron. Ya haɗiye, sai ya yi tari. Wallahi tarina ne, na babban mutum, irin mai fitowa daga ƙirji. Nan tsoro ya kama ni.

Na farka baki a bushe ƙamas, uwargida tsaye a kaina da waya. Wai Bilkisu ta sauka lafiya, namiji, kuma ta ce kada kowa ya ba shi dabino sai Yaya ya zo.

Malam, me kake gani mafarkin nan ke nufi? In je da wannan bakin, ko in ce mata a nemi wani?