Murhun Telmo

Telmo Basualdo mijin ƙanwata ne, kuma da a ce ana zaɓen suruki kamar tumatir a kasuwa, da na bar shi a ƙasan kwando. A unguwarmu aka haife shi, can kudancin Rosario ta Ajantina, bayan mayanka. Shekara talatin da biyar ya yi yana tuƙa bas, yana taka birki da gangan in ya ga tsohuwa ba ta riƙe ƙarfe ba. Abu biyu yake taƙama da su a duniya: murhun gashin namansa na bulo da ke tsakar gida, da kuma wai babu mai son wani faifan garmaho kamarsa.

Faifan ba sai na faɗi sunansa ba, duk ɗan ƙasar nan ya san shi. Wani siririn saurayi mai gashi har kafaɗa ne ya rubuta waƙoƙin, ya kaɗa jitarsa, ya rera da kansa. Kiɗan rok ne, amma mai sanyi. Yau jikokinmu ma suna jin sa a waya, suna rufe ido kamar su suka gano shi. Telmo kuwa ya haddace shi tsaf, yana yin fitonsa a bas, yana rera shi a bakin murhu da muryar nan tasa ta tsohon injin nika.

To, faifan da ya haddace ɗin nawa ne.

Na saye shi a 1973. Ranar da na fara kai budurwata Amalia gidanmu na ɗora shi a garmaho, ta tashi tana rawa, ƙugunta ya bugi tebur, allura ta yi tsalle ta karce waƙa ta uku. Tun daga nan duk sanda aka zo wurin sai faifan ya haɗiye kalma ɗaya ya wuce. Ita kuma ta rufe fuska da tafi tana dariya. Na aure ta bayan shekara biyu.

A farkon 1976 Telmo yana neman ƙanwata Delfina. Ya zo yana sosa ƙeya, wai in ara masa faifan kwana uku. Amalia ce ta sa baki na ba shi. Ba a yi wata ba soja suka karɓi mulki, aka fara bincike gida-gida, mai dogon gashi ya zama abin tuhuma, mutane suka shiga ƙone littattafai da binne su. Da na tambayi kayana, Telmo ya ce soja sun zo gidansu sun tafi da shi.

Daga nan ya samu labarin ci da abinci. Duk Lahadi muna zaune a tsakar gidansa, haƙarƙarin saniya yana ɗiga a kan garwashi, sai ya ɗauko labarin. Da farko soja biyu ne. Da aka koma mulkin farar hula suka zama shida, har da kare. Wai ya rungume faifan a ƙirji, suka sa masa bakin bindiga a wuya. Ni da aka yi wa asara sai in zauna ina gyaɗa kai, har ina jin nauyinsa.

Na sayi kaset, na sayi faifan sidi, duk waƙar ce, amma sumul take wucewa, babu tsallen. Ban damu sosai ba, tunda mai tsallen tana gefena. A 2008 Amalia ta rasu. Daga nan waƙa ta uku ta gagare ni ji. In ta zo wurin ta wuce lafiya, sai in ji kamar ana ce mini Amalia ba ta taɓa shiga ɗakin nan ba.

Wata Lahadi Telmo yana juya nama yana rera ta ukun. Na ce, "Ni dai da zan sake jin wancan tsallen sau ɗaya, da na ba da hannuna na dama."

Delfina ta dire kwanon latas a tebur. "Telmo, faɗa masa, ko ni in faɗa."

"In faɗa masa me? Ke dai kawo gishiri."

"Yaya Evaristo, babu sojan da ya taɓa taka gidan nan," in ji ta, tana kuka. "Tsoro ya ji ya binne shi. Yana nan ƙarƙashin murhu."

Ashe ranar da ya ji motar soja a layin baya, ya naɗe faifan a ledar tebur, ya sa tsakanin tire biyu, ya tona rami. Sai ya ga sabuwar ƙasa za ta tona masa asiri, ya hura wuta a kai ya gasa nama, don ba wanda zai tuhumi toka a tsakar gidan ɗan Ajantina. Naman ya yi daɗi. Ya ce wurin yana da iska mai kyau. Lahadi ta gaba ya sake, bayan shekara ya zuba siminti ya jera bulo. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, nasa ko taƙi ɗaya bai kai ba, saboda lalaci.

Na miƙe. "Shekara talatin da biyu kana ciyar da ni nama a kan kayana, maƙaryacin banza?"

"Ka ci ko ba ka ci ba? Har ƙari kake nema!"

"Ina soja shidan? Ina karen?"

"Kai suruki, lokacin fa kowa ta kansa yake yi. Kai ma ai aske gashinka ka yi, ka zama kamar ƙwai."

"Tona mini kayana."

"In fasa murhuna? A kan roba? Je ka kanti, suna nan jibge, har da hoton mawaƙin a ciki."

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ya ɗaga cokalin gashi yana rantsuwa da kabarin uwarsa cewa wanda ya taɓa bulo ɗaya sai an kwashe shi a motar asibiti. Wai shi ya fi ni son faifan, tunda shi ya cece shi. Na tsane shi a ranar, tsana ta gaske, kuma har yau ba ta ragu ba.

Litinin da safe na zo da guduma. Delfina ta buɗe mini ƙofa, ta ba ni shebur. Telmo ya zauna a kujera da ƙoƙon shayinsa na mate, yana zuƙa yana zagina, ko tayi bai yi mini ba. Ina da shekara sittin a lokacin, bayana yana ciwo, amma duk bulon da ya faɗi sai in ji sanyi a raina. Kafin rana ta take na kai ga tiren.

Ledar ta narke ta manne. Kwalin faifan ya zama baƙi. Faifan bai fashe ba, amma zafin Lahadi sama da dubu ya lanƙwasa shi, gefensa ya tashi kamar kasko.

Telmo ya leƙo. "To ga shi nan. Ka sa zaitun a ciki."

Na ɗauki faifan na tafi gida, na wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, na share ƙurar garmaho, na ɗora. Yana juyawa yana hawa da sauka, muryar saurayin tana fita a karkace, amma ita ce. Na lallaɓa allura na sa a waƙa ta uku, na zauna a bakin gado ina jira.

Ta yi tsalle tun a layin farko. Ta sake a na biyu. Ko'ina tsalle take yi, ta haɗiye wannan kalma, ta haɗiye waccan. Sau tara na mayar da allurar, ina kasa kunne, na kasa gane wanne ne na Amalia.