Ikechi da Irin Cittar Paulina

Ikechi ɗan gidan 'yan reluwe ne. A kwatas ɗin Kafanchan aka haife shi, ya tashi da Hausa a bakinsa, da kuma surutu. Ubansa ya ƙare ƙarfinsa wajen gyaran layin dogo. Shi kuwa ɗan, gyaran duniya ya sa a gaba.

Yana da shagon cajin waya a bakin kasuwa, amma ainihin sana'arsa kallon laccoci ce, irin na manyan tarukan ƙasashen waje, inda mutum ke fitowa kan dandamali da 'yar makirfo a kumatu, yana kai da kawowa yana zancen kimiyya da ƙirƙira. Ikechi ya haddace su kaf. Har tsayuwar ya koya, da yadda ake yin shiru a tsakiyar magana a kalli sama. Wadda ya fi ƙauna ita ce ta wani mai tabarau da ya ce mai ƙirƙira ba ya tsoron gwajinsa ya lalace. Duk wanda ya kawo caji sai ya sha ta.

Matarsa Paulina 'yar Kwoi ce, citta take nomawa. Shekarar da cuta ta cinye gonaki, ɗan abin da ya tsira mata shi ta ware na iri. Ta jera shi a inuwar mangwaron bayan gida, ta rufe da ƙasa da ciyawa kamar yadda ake yi, tana jiran ruwan shuka. Iri ya yi wuya ainun; wanda ya rasa nasa ya rasa damina.

Sai kawunta ya kwanta ciwo, ta tafi jinya. Ikechi ya zagaya bayan gida, ya ga ƙasa da ciyawa, abin ya ba shi kunya. A wannan zamani! Ya tone irin, ya wanke shi tas, ya zuba a wata matacciyar firji, ya liƙe bakin da leda don kada ƙwayar cuta ta sami hanya. Ya tsaya gefenta ya ɗauki hoto, hannu a haɓa.

Da Paulina ta dawo, wari ne ya tarye ta tun daga ƙofa. Ta ɓalle ledar. Citta ta zama kunu.

"Baban Jason, wane ne ya taɓa irina?"

"Maman Jason, kwantar da hankali," in ji Ikechi. "Gwaji ne. Ko Turawa suna fel kafin su yi sakses."

"Da cittar wa Turawa suke fel?"

Ya ɗaga kai ya kalli sama, irin kallon nan nasa. Ba ta jira ya sauko ba. Ta zauna a gindin mangwaro ta yi kuka.

Ruwa ya sauka, kowa ya nufi gona. A lokacin ne zumuntar matasa ta coci ta gayyaci Ikechi ya yi magana kan ƙirƙira. Ya sa kwat, ya kai ya kawo, ya nuna hoton firji. Ya ba da labarin yadda ya sadaukar da cittarsa saboda kimiyya, ya faɗi, amma bai karaya ba. Cittarsa, wai! Aka yi ta tafi, ya sunkuya kamar yadda ya gani a waya.

Sunan Paulina bai fito a laccar ba, ita ma ba ta je ba. Tana Kwoi, duƙe a gonar wani, tana shuka masa citta a ƙwadago.