Direban da Ake Kira Ƙarfe Bakwai

Ranar Litinin, uku ga watan Fabrairu, shekara goma sha ɗaya ke nan, wani dogon mutum mai ƙaramar murya ya shigo ofishin akawun masaƙa, lasisinsa naɗe a leda. An ɗauke shi tuƙin bas ɗin ma'aikata. Akawu ya buɗe masa fayil ya rubuta iyali: mata, 'ya'ya uku, da yayarsa wadda ta raine shi. Kafin shekara ta zagayo sunansa na gaskiya ya ɓace, sai Ƙarfe Bakwai, domin da tsayawarsa a bakin get ake saita agogo.

Ranar tara ga Mayun bana birki ya ƙi ci a gangaren gada. Ya goga motar da bango har ta tsaya. Mutum talatin da ɗaya suka fito da ƙafarsu. Wani mai walda, wanda kullum yake zama a gefensa suna tsokanar juna, bai fito da rai ba.

Bayan kwana biyu akawu ya kira shi cika rahoto. Fom ɗin shafi huɗu ne, shi kuwa akawu ba ya barin gurbi. Ƙarfe nawa daidai? Sau nawa ka taka birki? Da ka waiwaya me ka gani? Direba ya amsa duka. Washegari manaja ya nemi nasa rahoton, aka sake. Kwamitin bincike ma ya nemi nasa. Ana cikin na ukun wani makaniki ya yar da sifana a waje, ta yi ƙara. Akawu ya ɗago ya ga idon direban ya kafe, gumi na zuba, ƙafarsa ta dama tana taka siminti da ƙarfi, tana sakewa, tana takawa.

Akawu ya ruga ya kira Sista, nas ɗin masaƙar.

"Malam Akawu, ajiye biron nan kafin in yi maka allura da shi," in ji ta. Ta jawo kujera ta zauna gefen direban, ba ta taɓa shi ba. "Baba, Sista ce. A ofis kake. Me kake gani a bangon can?"

"Kalanda."

"Madalla. Ja numfashi a hankali, mu yi tare. Ga ruwa. Wa zan kira maka?"

"Yaya."

Da yayar ta tafi da shi, Sista ta juyo kan akawu. "Sau uku ka mayar da shi cikin motar nan, ban da 'yan jaje da kowa sai ya ji yadda aka yi. Kwafe na farkon ka ba su. In ya so magana, ka saurara. In bai so ba, tambaye shi ko ya ci abinci."

Manaja ya ce in ƙarshen Yuni ya yi direban bai koma sitiyari ba, a sallame shi. Tun daga nan, bakwai na bugawa sai akawu ya leƙa get, ko direban ya zo. Yayar ta zo ofis sau biyu. "Ɗan'uwana, murfin tukunya ya faɗi sai ya zabura. Ba ya yarda yaran su hau mota. Maganarsa ɗaya ce, wai shi ya kashe mai waldan."

Akawu ya shiga ɗakin tsofaffin takardu ya zaƙulo littafin gareji. Ranar huɗu da ranar ashirin ga Afrilu, da rubutun direban kansa: birki yana yin laushi, a duba. Gurbin sa hannun makaniki babu komai. Ya fara nuna wa Sista, ta ce a kai masa gida, yayarsa na wurin. Direba ya daɗe yana kallon rubutunsa, sannan ya yi kuka, karo na farko.

Ranar ashirin da tara ga Yuni akawu ya ajiye littafin a gaban manaja. "Ranka ya daɗe, a karanta wannan kafin a sa hannu a takardar sallamar."

Ba a sallame shi ba, amma bai sake tuƙi ba. An mayar da shi sito, yana ba da kayan gyara. Da yake firgitar ta wuce wata guda ba ta lafa ba, Sista ta haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, yana zuwa duk Alhamis. A ƙafa yake zuwa aiki, ta doguwar hanyar da ba ta bi ta gada, kuma ƙarfe bakwai yana bakin get.