Gaisuwar Bawa a Kilomita na Shida

Matso nan kusa, gyara zama, ajiye wayar nan tukuna. Labarin Bawa planto zan ba ka, kuma ba na son in kai tsakiya ka ce in maimaita.

Bawa Ba'adare ne daga wani ƙauye kusa da Tawa. Ya shigo Yamai yana saurayi, ya samu aikin planto a wata ma'aikata, wato mai kai takardu daga wannan biro (ofis ke nan) zuwa wancan. Shekara ashirin da shida ke nan yana kan wannan aiki. Bai yi boko mai nisa ba, amma takardar da ta kwana wata uku a kan teburin wani babba, in aka ba Bawa ita, kafin la'asar ta dawo da sa hannu. Ba wani asiri yake da shi ba sai gaisuwa. Yakan fara daga mai gadi, ya tambayi ƙafarsa mai ciwo, ya wuce wurin sakatariya ya tambayi yaye, har ya isa ga mai biron. Bai taɓa wuce wanda ya sani ba tare da ya tsaya ba, kuma rabin Yamai ya sani.

A Talaje yake zaune da matarsa Kadi da ƴaƴansu huɗu. Kadi Bazabarma ce, ɗiyar Baba Jibo, wani tsoho mai garka, wato lambu, a Gudel can bakin kogi. Shekara ashirin da biyu da auren, Bawa bai taɓa cin abinci a gaban tsohon nan ba, bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaga ido ya dube shi sosai ba. In ya je gaisuwa, tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, kuma ba ya tashi sai an sallame shi. Haka ya taras ana yi wa suruki a garinsu, haka yake yi.

Gudu kuwa da girmansa ya same shi. Yana da fada a bakin wani shago a Talaje, inda suke shan shayi da yamma shi da abokansa biyu: Mushe Mansur, malamin makaranta (Mushe ake ce wa malamin boko a nan), mutumin Maraɗi, mai son tsari da duban agogo, da Anas majo, ma'aikacin asibiti ɗan Damagaram, wanda ba ya iya rufe baki in ya ga abin dariya. Wata rana Anas ya zo da abin awon jini, ya auna su don wasa. Da ya ga na Bawa sai dariyar ta tsaya.

"Ba'adare, ko ka rage sukari da gishiri ka fara motsa jiki, ko mu fara neman wani planto."

Daga nan suka fara fita bayan sallar asuba, su bi hanyar filin jirgi. Da farko Bawa ko kilomita ɗaya ba ya kaiwa sai ya dafa gwiwa. Bayan shekara biyu yana yin goma cikin awa ɗaya da minti ashirin. Da dogon wando yake gudunsa, kuma yakan dawo gida kafin gari ya waye sarai, don a ganinsa magidanci mai furfura ba ya gudu a titi sai in gobara ta tashi.

Ana nan sai wata ƙungiyar masu wasanni ta shirya tseren kilomita goma ranar wata Lahadi cikin sanyi, daga cikin gari a bi ta Gudel a ƙare a hanyar Tondibiya. An ce abokai uku za su iya shiga da suna ɗaya. In duka ukun suka iso cikin awa ɗaya da rabi, za a ba su takardar shaida mai sunayensu. Akwai mota da za ta biyo baya a hankali, duk wanda ta wuce an soke lambarsa, abokansa ma sun rasa.

Mushe Mansur ya riƙe maganar nan da hannu biyu, don ya gama aiki, ƙarshen watan zai kwashe iyalinsa ya koma Maraɗi.

"Shekara goma sha biyar muna zaune a kan bencin nan," in ji shi, "ba mu da komai da sunayenmu uku suke tare. Wannan takardar nake so in rataya a ɗakina. Ni da Majo ba mu da matsala. Kai ne, Planto. Minti goma kawai gare ka na rara."

"Zan iso, Mushe."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Sai da aka kawo taswirar hanya Bawa ya ga inda za a bi. Ya ɗora yatsa a kan kilomita na shida, ya ce:

"Nan ai ƙofar garkar Baba ce."

Anas ya faɗi da dariya har shayi ya zube masa a riga. "Shi ke nan, Mushe, mun shiga uku! Wannan ko akuyar gidan surukinsa ya gani sai ya tuɓe takalmi."

Mushe bai yi dariya ba. Ya zauna ya tsara abin kamar darasi. Bawa zai sa hula mai baki da baƙin tabarau, ya bi ɗaya gefen titin, ya dubi gabansa kawai. Da Bawa ya kai wa Kadi maganar, ta ce ya kwantar da hankalinsa, Baba da safe yana can cikin garka yana ban ruwa, ba ya fitowa bakin hanya sai bayan azahar. Ta ƙara da cewa idonsa ma yanzu ba ya gane mutum sai an zo dab da shi.

Ranar Lahadi ƙarfe bakwai aka taru, mutum ya fi ɗari uku. Ga ɗalibai, ga ma'aikata, ga mata da hijabi da takalmin gudu, ga wasu dogayen samari da ka gan su ka san ba don lafiya suka zo ba, don kofi suka zo. Aka maƙala wa kowa lamba a ƙirji. Da aka busa usur, Mushe da Anas suka yi tafiya da Bawa kilomita biyu, sannan suka ga ƙafarsu ta fi tasa, suka ce sai sun haɗu a can.

"Kada ka gai da kowa!" Mushe ya waiwayo ya faɗa. "Yau ba ka san kowa ba!"

Bawa ya yi ƙoƙari, wannan kam a ba shi. Mai gadin ma'aikatarsu ya kira shi daga bakin hanya, ya ɗaga masa hannu kawai. Wata tsohuwar sakatariya da ta yi ritaya ta gane tafiyarsa duk da tabarau, nan ya rage gudu ya tambayi jikoki yana tafe yana waiwaye. A wurin da ake miƙa ruwan leda ya tsaya ya yi wa masu rabawa sannu da aiki ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka, da ya shiga Gudel motar tana can baya, tazarar kamar minti biyar. Numfashinsa daidai, gwiwa ba ta ciwo, iska mai sanyi tana tasowa daga kogi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Sai ga Baba Jibo zaune a kan kujerar ƙarfe a ƙofar garka, da sandarsa a tsakanin ƙafafu. Hayaniyar masu gudu ce ta fito da shi kallo.

Bawa yana ɗaya gefen titin kamar yadda aka tsara. Tsohon bai gan shi ba, kansa ma yana juye wajen wasu mata da ke tafawa. Bawa ya sunkuyar da kai ya wuce. Taku ɗaya, biyu, har kamar goma. Daga nan ƙafafun suka yi nauyi. Shi da bakinsa ya ce ba tunani ya yi ba, ji ya yi kamar ya fito titi ba wando. Ya juya, ya tsallaka titi, ya cire hula da tabarau, ya tsuguna yana kwance igiyar takalmi, wadda Mushe ya ɗaure masa ƙulli biyu don kada ta kwance a hanya.

"Salamu alaikum, Baba. Ina kwana?"

Tsohon ya karkato, ya ƙura masa ido. "Wa ke nan? Bawa? Lafiya kake haki haka? Me ya samu Kadi?"

"Lafiya lau take, Baba."

"Yaran fa?"

"Duk lafiya."

"To, alhamdu lillahi. Fofo, fofo, sannu da zuwa. Ka ga waɗannan? Tun ɗazu suke wucewa, ba wanda ya kore su. Har da masu gemu a ciki." Ya girgiza kai. Lambar da ke ƙirjin Bawa bai lura da ita ba, ko kuwa ya ɗauka wani abin aikinsu ne na biro.

Ya tambayi mutanen Tawa. Ya tambayi aiki, da sanyi, da tarin ƙaramar jikarsa. Bawa yana durƙushe a kan tsakuwa yana amsawa, kunnensa yana can wajen ƙarar mota. Kalma kaɗan ce za ta fisshe shi: Baba, ina cikin tseren nan, zan dawo. Ta zo masa har baki. Amma bai taɓa ce wa tsohon nan yana sauri ba, kuma yanzu aka gama yi wa masu gemu tsiya.

"Tun da Allah ya kawo ka," in ji Baba Jibo, "jira ni in ba ka saƙon Kadi. Tumatir ya nuna."

Ya dafa sanda ya miƙe, ya shiga garka a hankali, irin tafiyar mai shekara tamanin.

Bawa yana nan tsugune motar ta iso. Wani mai riƙe da takarda ya leƙo ta taga ya dubi lambarsa.

"Ɗari biyu da sha huɗu, ka gaji ne? Shigo mu tafi."

"Ban gaji ba. Jira nake."

"Jiran me? In muka wuce ka, mun soke ka fa."

Bawa ya dubi ƙofar garka, ya dubi mutumin. "Ku wuce," ya ce.

Sai bayan kusan minti goma sha biyar tsohon ya fito da ƙunshin zogala da leda cike da tumatir da albasa mai ganye. Ya sa masa albarka, ya ce a gai da gida. Bawa ya karɓa da hannu biyu, ya ja da baya, sai da ya sha kwana sannan ya sa takalmi.

Yana iya tare taksi ya koma Talaje, amma abokansa suna can suna jira, kuma ya ce zai iso. Ya ɗora zogala a ka, ya rungume leda, ya ci gaba da gudu. An riga an buɗe hanya, motoci da babura suna ta yi masa oda. Tumatir ya fashe, ruwansa ya bi rigar har cikin wando.

Da ya isa, ana naɗe tutar ƙarshe, ana loda tebura. Anas ya hango shi, ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki.

"Wayyo ni! Mushe, zo ka ga wanda ya ci kofin kayan miya!"

Mushe yana tsaye da agogo a hannu. Ya dubi zogalar, ya dubi Bawa.

"Shi ya kira ka?"

"A'a."

"Ya gan ka?"

"Bai gan ni ba. Ni na koma."

Mushe ya juya ya nufi bakin titi. A cikin taksi ma ta taga yake kallo har Talaje. Kwana uku bai zo fada ba. Ran na huɗu ya zo ya zauna, ya karɓi shayi, ya ce, "Ka yi mini alkawari, Bawa." Bawa ya ce, "Na yi, kuma na karya. Ka yafe mini." Mushe ya ce ya yafe, amma har gobe bai ga dalili ba. Ƙarshen wata Bawa ne ya ɗaure masa kaya a kan mota, ya koma Maraɗi ba takarda.

Kadi ce ta kai wa mahaifinta labarin daga baya. Ta ce da tsohon ya ji, sai ya ce, "Wannan miji naki, me ya hana shi faɗa mini? Da na kore shi da sanda ya tafi." Can kuma ya ce, "Amma da ya wuce ni, da kafin azahar mutanen Gudel sun kawo mini labari."

Bawa yana nan yana aikinsa, saura shekara huɗu ya huta. Jininsa ya sauka. Shi da Anas suna fita da asuba, Mushe kuma yakan kira ranar Juma'a, su gaisa, wani lokaci maganar ta taso su sake musu a kanta. Anas yau yana goyon bayan Bawa, gobe yana goyon bayan Mushe, gwargwadon wanda zai fi jin haushi.

To kai da ka zauna ka ji, a ce kai ne a wancan gefen titin, abokinka yana jiranka da agogo a hannu, tsohon kuma bai gan ka ba: wucewa za ka yi, ko za ka koma?