Furen da Na Sa wa Jakar Likitan Shanu

A cikin shekaru goma sha tara da na yi a kan keken ɗinki, ban taɓa mantawa da ranar da Malama Saratu ta shigo shagonmu riƙe da waya ba. Talata ce, cikin watan Rajab, shekara huɗu ke nan. Ku da kuka zo bayana kun sha tambayata abin da ya sa wani murfin jaka mai fure yake rataye a saman kekena, ba na sayarwa ba na jefarwa. To ga labarinsa.

Ga wanda bai san aikinmu ba, shagon Maigida Garba da ke bakin kasuwar Sabon Birni ba na riguna ba ne. Tamfol muke ɗinkawa: rumfa, rigar kujerar babur, jakar makaranta, jakar 'yan kasuwa. Aikin hawa uku ne. Sabon shiga yana datse zare yana buga maɓalli. Daga nan ya hau keke. Na sama shi ne mai yanka, wanda ke yin awo, ya zana a takardar siminti, sannan ya sa almakashi. Ƙa'ida kuma ɗaya ce: ba a yanka tamfol sai Maigida ya ga zanen takarda ya gyaɗa kai. A lokacin watana biyu da zama mai yanka.

Sai in faɗi halina, don shi ne ya jawo komai. Littattafan soyayya na kasuwa su suka raine ni. Koyaushe akwai ɗaya ƙarƙashin matashin kujerata. In na ga mutum biyu sun tsaya suna magana, kafin su rabu na gama shirya musu labari a raina, har da ranar ɗaurin aure. Shi ya sa Maigida ke kirana Ɗan Soyayya ko a gaban baƙi.

Malama Saratu malamar firamare ce a Isa, za ta kai shekara hamsin. Mijinta, Malam Bello, tsohon akawun kotu ne, kuma yana cikin mutanen nan masu tara kayan da 'yan fim suka sa, ko kwatankwacinsu: hula, tabarau, sanda, agogon hannu. Suna da zaurensu a waya, daga Sakkwato har Maraɗi, kowa na nuna abin da ya samo. Malam Bello yana da kabad mai gilashi cike da irin waɗannan. Abu ɗaya ya rage masa: jakar rataya ta tamfol da jarumin wani tsohon fim yake sagalawa. 'Yan wasan Isa ne suka yi fim ɗin tun zamanin kaset, labarin wani malamin dabbobi mai zagaya rugage a kan keke.

Wata bakwai kafin ranar, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Tun daga nan bai sake buɗe kabad ɗin ba. Ya daina fita ƙofar gida, ya ƙi motsa hannun kamar yadda aka nuna masa a asibiti. Wani dillali a Kano ya turo mata hoton wata jaka mai zif, tana ƙyalli, ya sa mata kuɗin da ya fi albashinta na wata biyu.

"Likita ya ce jikin na iya tashi in zuciyar ta so," in ji ta. "Ni kau na rasa abin da za ni sa ta so. Kana iya ɗinka irin ta fim ɗin da kuɗin da malamar firamare ka iya biya?"

Na ce, "Malama, wajen kallon fim ɗin kunka haɗu ke nan?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "A layin yankan kati munka haɗu, ina fama da haƙori. Kai dai ɗinka jaka."

Ta tura min fim ɗin a waya. An kwafo shi daga kaset, an sake kwafowa, har fuskokin sun zama kamar ana kallonsu ta cikin ruwa. Na tsayar da hoton ya fi sau talatin. Na gane aljihu biyu a gaba, kan bel na ƙarfe guda ɗaya, da maɗauri mai faɗin yatsa uku. A kusa da kafaɗa maɗaurin yana da wani ƙulli mummuna, na ce a raina wannan aikin wani ragon tela ne, ni za ni gyara. A kan murfin kuma, ta gefen hagu, akwai wani abu zagayayye mai launin shunayya.

Ina ganinsa na san fure ne. Ba wanda ya gaya min, littattafaina suka gaya min. Ai budurwar jarumin ce ta zauna ta ɗinka masa shi da hannunta, don duk rugar da ya shiga ya riƙa tunawa da ita. Har na ga yatsunta, har na ji abin da ta ce lokacin da take miƙa masa.

Na nuna wa Maigida zanen jiki da na aljihu, ya gyaɗa kai. Zanen murfi kuwa na ɓoye, don ina so ya ga abin mamaki. Fim ɗin ma ban nuna masa ba. Na yanki sabon tamfol ruwan ƙasa, na yi ɗinki miƙaƙƙe kamar an ja da rula, na yi maɗauri santal ba ƙulli. Furen kwana uku ya ci min, da zaren siliki, ganye bakwai.

Ranar Asabar na hau babur zuwa Isa da sassafe, don a lokacin hanya ba ta son mai jinkiri. Malama ta shigar da ni ɗakin. Malam Bello yana kishingiɗe, dogo, rama ta fito da ƙashin kumatunsa. Kabad ɗin na gefensa, ƙura ta rufe gilashin. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗora jakar a cinyarsa.

Ya dube ta. Ya sa hannun hagu ya shafa maɗaurin daga sama har ƙasa, kamar mai neman wani abu. Ya dubi furen. Sannan ya ture ta da bayan hannu, a hankali, ba da faɗa ba.

"Ba ita ba ce," ya ce, harshensa na nauyi. Ya juya fuskarsa bango.

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. A zaure Malama ta ce, "Ka yi ƙoƙari, ƙanena. Ta yi kyau. Kyawun ne yay yi yawa." Sai gyara mayafi take yi, alhali ba abin da ya same shi.

Da na koma shago na ajiye jakar a gaban Maigida, na faɗi gaskiya duka. Ya ce in ba shi wayar. Bai yi minti ɗaya yana kallo ba ya fashe da dariya har da tari.

"Ɗan Soyayya! Allah shi shirye ka. Wanga keken na Umaru ne, likitan shanu na Turba. 'Yan wasan nan ba su da ko anini, komi aro sunka yi. In keken nashi ne, jakar ma tashi ce. Da ka nuna man tun farko da ba ka ɓata tamfol ba." Ya daina dariya. "Mi nic ce maka game da takarda?"

"Ba a yanka sai ka gani."

"To gobe ka tafi Turba. Ka bar littafinka nan."

Na sami Malam Umaru a ƙofar gidansa yana gyaran akurkin kaji, tsoho mai ƙarfi, ya daɗe da yin ritaya amma har yau makiyaya na sallama masa in saniya ta ƙi kiwo. Da na yi bayani ya shiga ciki ya fito da ita. Jakar kanta. Ta koɗe, gefunanta sun yi laushi kamar kunnen akuya, tana warin magani da hayaƙi. Ya ce kada ma in fara zancen saye, allurarsa da almakashinsa na ciki.

Na nuna tabon da ke kan murfin. "Baba, wanga fa?"

"Wanga? Jibi ne, maganin miki. Wani bijimi yat ture ni a Tsamaye, kwalbar ta fashe."

Fure na kwana uku, ganye bakwai, ashe ɓarin magani ne.

Sai na kai hannu kan ƙullin maɗaurin, na ce aƙalla wannan na gyara shi a tawa. Tsohon ya janye jakar kamar na taɓa masa ciwo.

"Ka gyara mi?"

Na duba da kyau. Ba ƙulli ba ne. Maɗaurin ne ya taɓa tsinkewa, aka haɗa shi da baƙin zaren kitso, ɗinki a karkace, wani babba wani ƙarami, an bi an sake bi har ya yi tudu.

Kafin ya yi magana wata murya ta fito daga zaure. Inna Kulu ce, matarsa, ashe tana jinmu. "Yaro, kada shi ruɗe ka. Ɗinkin banza ne. Satinmu biyu da aure ƙahon saniya yat tsinka shi, shi kau za shi fita da asuba, ba tela ba zare. Nit tsinko na kaina nid ɗinka. Shekara arba'in ina ce mashi shi kai ma tela."

"Ya tsinke?" in ji Malam Umaru, bai ko dube ta ba.

"Bai tsinke ba, amma muni fa?"

"To."

Iyakar abin da suka ce ke nan. Ni da na karanta littafi ya fi ɗari, ban taɓa gamuwa da shafin da ya kai wannan "to" ɗin ba. Abin da na tafi nema a kan murfi yana nan a kan maɗauri, kuma shi ne na sa almakashi na cire don ina ganin aibi ne.

Na auna jakar da tef, na zana kowane gefe a takarda, har inda ta goge da inda kan bel ya ci rami. Wannan karon Maigida ya ga komai kafin in yanka. Shi ya nuna min yadda za ta yi araha. Sabon tamfol ba zai yi ba, sai muka karɓi guntun tsohuwar rumfar mota a wajen wani direba, wadda rana da ruwa suka riga suka yi mana rabin aiki. Kan bel muka ciro daga tsohon bel na gwanjo. Da na gama ɗinki muka jiƙa ta a ruwan bagaruwa kwana biyu, ta yi duhu, muka shanya a inuwa. Sannan Maigida ya ba wani ɗan acaba abokinsa ya sagala ta kwana goma, da sifana da filaya a ciki, don ta koyi zaman kafaɗa.

Na sake komawa Turba da ita, na yanke maɗaurin da hannuna daidai inda na asali ya tsinke. Inna Kulu ta zauna a zaure da allura da zaren kitso tana mita. "Yau ga abin duniya. An zo tun daga Sabon Birni neman mugun ɗinki." Malam Umaru kuma ya kwance murfin kwalbar jibi, ya karkata kai ya auna da ido, ya ɗiga, ya bar shi ya bi tamfol yadda ya ga dama.

Ana saura kwana shida azumi na kai ta Isa. Na ɗora ta a cinyar Malam Bello na koma gefe.

Ya daɗe yana kallon tabon. Ya ɗaga ta ya sansana. Sannan hannun hagunsa ya hau maɗaurin, yana bi a hankali, har babban yatsansa ya tsaya a kan tudun zaren. Ya tsaya nan.

Malama ta tashi za ta buɗe kabad ta saka masa ita. Ya girgiza kai. Ya kama maɗaurin yana ƙoƙarin zura kansa, jakar na zamewa, domin hannu ɗaya ba ya sagala jaka. Na yunƙura za ni taimaka, Malama ta tare ni da ido. Sau biyu tana faɗuwa. A na uku sai muka ga hannun daman nan, wanda wata takwas yana kwance kamar ba nasa ba, ya ɗago kaɗan daga kan cinya, yana rawa, ya danne gindin jakar har maɗaurin ya wuce.

Ya zauna yana haki, jaka a kafaɗa.

"Saratu," ya ce. "Kujera. Ƙofar gida. Maƙwabta, su Malam Audu, su gani."

Ta ce, "To, Malam," kamar kullum yake faɗin haka. Ta fita ɗauko kujerar, ta daɗe ba ta dawo ba.

Ban ce jaka ta warkar da shi ba. Har yau da sanda yake tafiya. Amma ana ganinsa a ƙofar gida, kuma mutanen zaurensu na waya sun sa mun ɗinka irinta guda tara, kowacce sai ta bi ta Turba wajen Inna Kulu, wadda yanzu take yanka nata ladan da kanta.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu hawa keke yanzu, shi ne wannan. Mai tara irin kayan nan ba kyau yake nema ba, abin da ya gani yake nema, da tabonsa da karkacewarsa. In an kawo muku hoto, kada ku cike abin da ba ku gane ba da abin da kuke so ya zama. Ku tashi ku je ku tambayi mai shi. Kuma in kun ga ɗinki mummuna a jikin tsohon kaya, ku dakata da almakashi, domin wani ne ya zauna ya yi shi, wani kuma ya ƙi a warware.

Littafi har yau yana ƙarƙashin matashina, ban daina ba. Murfin mai fure kuma na bar shi a saman keke, inda nake ganinsa duk lokacin da na ɗauki alli.