Littafin Godiyar Uwar Guga

Shekara goma sha tara Uwar Guga ta yi a ɗakin wankin wani otal, can ƙasan bene, inda babu taga sai fanka ɗaya mai juya zafi. Abokan aiki ne suka laƙa mata sunan. Ba ta son aikin, kuma ba ta ɓoyewa. In ta koma gida 'yarta ta ce, "Mama, ya aiki?" amsarta ɗaya ce: "Yana can."

Da maɓallin tsayar da babban injin guga ya mutu, ma'aikata suka roƙi a kira mai gyara. Manaja ya sauko da kwali. Littattafai ne a ciki, masu koren bango. Ya ce kowa ya riƙa rubuta abu uku da ya gode wa kullum, wai hakan na sa mutum ya so aikinsa.

"Ranka ya daɗe, littafin ne zai tsayar da injin?" in ji Uwar Guga.

"Kin ji irin halin da nake so mu gyara ke nan."

Wasu suka kai wa yaransu nasu. Ita haushi ne ya sa ta rubuta, har da kwanan wata, tana danna biro kamar za ta huda takardar.

"Talata. Na gode injin ya cinye zanin gado biyu, bai ci yatsana ba. Na gode Dogo ya zare wayar wutar injin daga bango. Na gode mun gaya wa manaja, ya ce zai duba."

Dogo shi ne dattijon da ke loda injin wanki. Gaisuwar kirki ba ta taɓa haɗa su ba, don cewa take ya cika surutu. Bayan sati shida ta karanta abin da ta rubuta, ta tarar da sunansa sau goma sha ɗaya. Ashe duk lokacin da ta tsaya gaban injin guga, sai ya ƙirƙiri wani aiki kusa da wayar.

Daga nan ta fara zuwa da wuri. In Dogo zai ɗaga kaya masu nauyi ta kama masa. "Aikin bai yi mini komai ba," ta ce wa 'yarta. "Shekara da shekaru ina fushi da wanda bai kamata ba."

Wata Alhamis injin ya kama hannun rigarta. Dogo ya fizge wayar da ƙarfin da ya ɓamɓaro makunnin daga bango. Washegari manaja ya sallame shi. Ya rubuta cewa Dogo ya ɓata kayan otal da ganganci, kuma ba wanda ya taɓa kawo ƙorafi kan injin.

Ta hau bene har ofishin mai otal, da rigar yagaggiya a jikinta. Manaja na zaune.

"Baiwar Allah, koma bakin aikinki," in ji manaja.

"A'a, ai godiya na zo yi. Ba kai ka koya mana ba?"

Ta buɗe littafin ta karanta a tsaye, rana bayan rana. Sau tara "manaja ya ce zai duba" ya fito. A na biyar manaja ya ce ba don haka aka raba littafin ba. Mai otal ya ce ta ci gaba.

An dawo da Dogo ranar Litinin. Mai gyara ya zo, ya gama cikin minti arba'in. Manaja yana nan a kujerarsa, kuma bai sake raba littafi ba.

Ita ta sayi na biyu da kanta. Shafin farko layi biyu ne: maɓalli yana aiki, Dogo ya cika ta da surutu tun safe. Na ukun ta bar shi fayau. Ta ce na ranar da za a yi musu taga ne, kuma ta riga ta gaya wa manaja.